Kumburi Iri Biyu a Saiwar Wake

Duk wanda ya taɓa tuge wake da saiwarsa ya san 'yan gudajin nan da ke manne a jikin saiwar, mulmulallu, girman ƙwayar dawa ko ƙasa da haka. Da yawa daga cikin manomanmu ba su ɗauke su a bakin komai ba, wasu ma cuta suke zaton su. Alhali kuwa su ne arzikin wake. A cikinsu ne wata bakteriya da ake kira rizobiyam take zaune, tana kamo iskar naitirojin tana mayar da ita taki, irin takin nan da muke sayen buhunsa da tsada da sunan yuriya. Shi ya sa gero ko dawar da aka shuka a inda wake ya tashi ke yin kyau, abin da kakanninmu suka lura da shi tun ba a san madubin ƙara girma ba.

Sai dai akwai kumburi na biyu da kan fito a saiwar, mai kama da na farko ga wanda ya yi kallon nesa, shi kuwa cuta ce tsantsa. Bambance su ba ya buƙatar makaranta. Ka murza da ɗan yatsa. Gudajin kirki a gefen saiwa yake maƙale, da ka taɓa sai ya ɓalle, in ka tsaga shi da farce ka ga cikinsa ja-ja. Ƙullutun cuta ba ya ɓallewa, domin saiwar ce da kanta ta kumbura ta murɗe, wani lokaci ƙullutu bisa ƙullutu har ta zama dunƙule. Aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani, wadda masana ke kira nematod, mu malaman gona kuma mukan ce mata tsutsar saiwa.

Mutane kan ɗauka cin saiwar take yi. Da ci ne da abin ya zo da sauƙi, domin shuka na iya sake toho a inda aka gutsura. Wannan tsutsar tsarin sinadaran shukar take juyawa daga ciki, har shukar ta koma tana kai mata abinci da kanta.

Danginta ba baƙi ba ne a wurinmu. Kurkunu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi daga Najeriya da Nijar a 2013, nematod ne. Haka tsutsar ciki da ke damun yara, haka wadda ke kawo tundurmi. Mafi yawan waɗanda ke cikin ƙasa ba sa cutar da kowa, bakteriya suke ci, suna ma taimakon ƙasar. Masu addabar tsirrai da aka sani sun haura iri 4,000, kuma a ƙasashe masu zafi babu wadda ta kai jinsin Meloidogyne ɓarna. Wani limamin coci ɗan Ingila mai nazarin tsirrai, Miles Berkeley, shi ya fara ba da labarin kumburin a 1855, a saiwar kokwamba. A yankinmu iri biyu aka fi cin karo da su, incognita da javanica.

Tana fitowa daga ƙwai tsawonta bai kai rabin milimita ba, siririya, ba ido. Sinadaran da saiwa ke fitarwa take bi a cikin danshin ƙasa har ta iso bayan tsinin saiwa, inda naman bai yi ƙwari ba. A bakinta akwai wani tsinke mai rami, da shi take huda, ta cikinsa kuma take tofa yawun da ke fitowa daga wasu jakunkuna uku a maƙogwaronta. Duk labarin yana cikin wannan yawu.

Kashin farko na yawun inzayim ne masu narkar da bangon ƙwayoyin halittar tsiro. Da selulos aka gina bangon, kuma an daɗe ana ɗauka cewa dabba ba ta iya narkar da selulos da kanta; saniya ma ƙananan halittun da ke tumbinta ne ke yi mata aikin. A 1998 masana a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka nuna cewa nematod masu cin tsirrai da kansu suke ƙera nasu. A 2008 kuma wata tawaga ƙarƙashin Pierre Abad a Faransa ta karanta dukkan ƙwayoyin gadon incognita, ta sami kimanin 60 masu aikin rushe bango, da yawansu sun fi kama da na bakteriya fiye da na kowace dabba. Fahimtar masana ita ce tun can baya tsutsar ta samo su daga bakteriyar ƙasa. Da waɗannan take sassauta abin da ke manne ƙwayoyin da juna, ta ratsa tsakaninsu ba tare da ta fasa su ba. Akwai wayo a nan, domin ƙwayar da aka fasa takan saki sinadaran da ke sanar da sauran jiki cewa an shigo. Tana isa tsakiyar saiwa, inda jijiyoyin ruwa da na abinci suke, sai ta tsaya. Macen ba za ta ƙara gusawa daga nan ba har ta mutu.

Sai ta zaɓi ƙwayoyi biyar zuwa takwas da ke kewaye da kanta ta yi musu allurar kashi na biyu na yawun. A ƙa'ida, idan ƙwayar halitta za ta hayayyafa, cibiyarta ce ke rabuwa biyu, sannan bango ya gitta a tsakani, ɗaya ta zama biyu. Waɗannan da aka yi wa allura cibiyarsu na rabuwa, bangon kuwa ba ya gittawa. Ta rabu, ta sake rabuwa, har ƙwaya ɗaya ta tara cibiyoyi gommai, wani lokaci su doshi 100, girmanta ya ninka na maƙwabtanta sau ɗaruruwa. Su ake kira manyan ƙwayoyi. Bangonsu kan yi lanƙwashe-lanƙwashe ta wajen jijiyoyi don wurin tsotsa ya ƙara faɗi. Homon ɗin girma na shukar, oksin da saitokainin, su rikice a wurin, naman da ke kewaye ya yi ta kumbura. Ƙullutun da kake gani ke nan.

A jikin kowace shuka akwai mai samarwa akwai masu karɓa. Ganye ke haɗa sukari da hasken rana, sukarin ya bi jijiya zuwa inda ake buƙata: sabon toho, fure, 'ya'ya, saiwa. Wanda ya fi ja shi ya fi samu. A shekarun 1970 masana a Ostireliya da Amurka sun ba ganyen tumatir iskar kabon mai alama, wadda na'ura ke iya bin sawunta, suka ga inda ta dosa. Ta taru a manyan ƙwayoyin nan, daga nan ta shige jikin tsutsar da ƙwayayenta, kuma janyewar ta fi tsanani lokacin da macen ta fara ƙwai. Wanda ya taɓa zaman haya da maƙwabcin da ya jona waya a mitarsa ya san yanayin: kai ke biya, shi ke kunna hita. In aka auna ƙullutu a ɗakin gwaji akan same shi maƙil da sukari da amino asid, waɗanda da su ake gina furotin, musamman wanda ake kira furolin. Duk abin da ya taru a nan rabon ganye da 'ya'ya ne.

Macen ta yi ta ƙiba har ta koma wani farin ɗigo, wanda in ka tsaga ƙullutu a hankali da allura kana iya hango shi. Ba ta buƙatar namiji. Takan zuba ƙwai 300 zuwa 500, wani lokaci fiye, a cikin wani yauƙi da ke kare su daga bushewa. A zafin ƙasarmu, daga ƙwai zuwa ƙwai mako uku ne zuwa huɗu. Waken da ke nuna a kwana 70 ya isa ya goya zuriya biyu, balle mai yaɗo da ke kaiwa ƙarshen kaka.

Har zuwa nan, abin da ke samun wake shi ke samun tumatir da kuɓewa da gauta. Inda wake da danginsa, irin su waken suya da gurjiya, suka fi shan wuya shi ne wajen gudajin nan na farko.

Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma a ɗaure take, babu shukar da ke iya kwance ta. Bakteriyar gudaji na da inzayim mai kwancewa, naitirojines, shi kuma yana da sharaɗi biyu. Na farko, yana cin ƙarfi ba kaɗan ba, kuma da sukarin ganye ake biyansa. Na biyu, iskar oksijin na lalata shi, alhali bakteriyar da ke ɗauke da shi sai da oksijin take numfashi. Yadda wake ke warware wannan shi ne abin da ya fi burge ni a duk wannan ilmi. Yana ƙera wani furotin, legimogulobin, ɗan'uwan himogulobin da ke sa jininmu ja, wanda ke kama oksijin yana miƙa wa bakteriyar kaɗan-kaɗan, daidai abin da zai ishe ta numfashi ba tare da ya ƙona inzayim ɗin ba. Shi ne jan da kake gani in ka tsaga gudaji. Ja na nufin ana aiki. Fari na nufin ba a fara ba ko ba za a yi ba, kore ko ruwan ƙasa kuwa an daina.

To ga ƙullutu ga gudaji a saiwa ɗaya, jijiya ɗaya suke sha, ƙullutu kuma ya fi ƙarfin ja. Gwaje-gwaje a kan wake da waken suya da sauran dangi sun sha maimaita sakamako iri ɗaya: gudaji ya ragu a yawa da girma, jan cikinsa ya dushe, aikin naitirojines ya faɗi, gudajin ya tsufa kafin lokaci. Wani sa'in tsutsar kan shiga cikin gudajin kansa ta kafa manyan ƙwayoyinta a can. Wake da waken suya kan aika naitirojin ɗin da aka kamo zuwa sama a siffar wasu sinadarai da ake kira yurayid, har masana kan auna su a ruwan kara don sanin ƙarfin aikin gudaji. Idan suka ragu, ganye ne ke fara nunawa, domin koren ganye da naitirojin ake haɗa shi. Tsofaffin ganyen ƙasa su yi rawaya. Ganye mai rawaya ba ya haɗa sukari sosai, sukari ya ƙara ƙaranci, gudaji ya ƙara yunwa, ganye ya ƙara rawaya. Ita kuwa tsutsar ba ta rage rabonta. Ga jijiyoyin ruwa sun karkace a cikin ƙullutun, shi ya sa za ka ga wake ya yi yaushi da tsakar rana ko da ƙasa na da laima, da la'asar ya miƙe. Saiwar da aka sassauta haka kuma ta fi sauƙin kamuwa da fangas ɗin Fusarium mai sa wake ya bushe a tsaye.

A farkon shekarun 2000, masu nazarin wani ɗan tsiro dangin wake, Medicago truncatula, sun gano cewa wasu ƙwayoyin gado da shukar ke kunnawa lokacin gina gudaji, kamar ENOD40 da CCS52, su ma a kunne suke a cikin ƙullutu. Shi CCS52 aikinsa ya sa ƙwaya ta girma ba tare da ta rabu ba, don bakteriya ta sami wurin zama. Da ɗan gari akan ci gari. Kada dai a kai maganar inda ba ta kai ba: tsutsar na kumbura tumatir ma, wanda ba ya yin gudaji ko kaɗan. Abin da binciken ya nuna shi ne aboki da maƙiyi duk da kayan aikin shukar suke gini.

Ƙwayar wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ce, furotin kuwa ba ya ginuwa sai da naitirojin. A gidan da nama sai sallah ko suna, ƙosai da alala da shinkafa da wake su ke tsayawa a madadinsa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata. Asarar kuma ba ta tsaya a buhun da bai isa kasuwar Dawanau ba. Harawar tumaki ta ragu, takin da waken zai bar wa geron baɗi ma ya ragu, kuma babu wanda ke sa wannan a lissafi.

A wani ƙauye cikin yankin noman rani na Kadawa, inda ake shan ruwan madatsar Tiga, wani dattijo ya kai ni gonar da ya saka wake bayan ya cire tumatir. Nan kore shar, can rawaya a tsumbure, tsibi-tsibi. Ya ce, "Malam, ƙasar nan ta gaji. Na zuba mata yuriya, ta ɗan farfaɗo, ta koma." Na ce, "Baba, a yi mini izini in tono guda." Da fartanya na tono, domin in ka fizga da hannu ƙananan saiwoyin a ƙasa suke tsayawa, su ne kuwa shaidar. Ya jima yana juya saiwar a tafinsa, sannan ya ce ai tumatirinsa ma haka saiwarsa take shekara da shekaru, shi ya ɗauka halittarsa ce. Abin da ya gani game da yuriya gaskiya ne. Taki kan ɗan rufe yunwar, amma murɗaɗɗiyar saiwa ba ta tsotsa yadda ya kamata, sannan yawan yuriya da kansa na sa wake ya rage yin gudaji, tunda ya samu a ɓagas. A da, watannin rani su ke rage mana tsutsar nan, ƙasa ta bushe ƙamas babu saiwar ci. Inda ruwa ke gudu shekara cur, tumatir ya miƙa wa kuɓewa, kuɓewa ta miƙa wa wake, ba ta taɓa yin azumi. Ƙasar jigawa mai rairayi kuma ita ta fi so, don ta fi sauƙin ratsawa.

Shukar ba ta zuba ido. Da ta ji an shigo, takan fesa sinadarai masu ƙuna a wurin, ta ƙara yawan inzayim irin su feroksides, ta tara sinadaran finol, ta kaurara bango. Bambancin irin da ke jurewa da wanda ba ya jurewa sau da yawa a lokaci yake: ɗaya ya yi da wuri kuma da ƙarfi, ɗayan ya makara, ga shi a cikin yawun tsutsar akwai abin da ke kwantar da wannan faɗan. A 1980 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside sun nuna cewa waken suya mai jure incognita kan tara wata guba tasa ta kansa, gilisiyolin, a tsakiyar saiwa cikin 'yan kwanaki, gubar kuma na sandarar da tsutsar. Amma ba ta yi wa javanica komai ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa in aka ce iri na jure tsutsar saiwa, sai a tambaya wacce.

Shi wake namu salonsa dabam ne. Tun a 1902 wasu masana biyu na ma'aikatar noma ta Amurka, Webber da Orton, suka lura cewa wani irin wake mai suna Iron ba ya kumbura a gonar da sauran suka lalace, kuma wannan na cikin rahotannin farko a duniya na shuka mai jure nematod. Daga baya aka gano ƙwayar gadon da ke ba wake juriya, aka sa mata suna Rk. A tumatir mai juriya, shukar kan kashe ƙwayoyin da ke kewaye da kan tsutsar nan take, ta bar ta babu abin tsotsa. An zaci wake ma haka yake yi. Binciken da aka wallafa a 2008, shi ma daga Riverside, ya nuna a'a. Wake mai Rk kan bar ta ta shiga, ta zauna, ta gina manyan ƙwayoyinta, kamar ba abin da ya faru. Sai bayan kamar mako biyu ƙwayoyin su fara lalacewa, su cika da ruwa babu abinci, macen ta tsumbure ba ta kai ga ƙwai ba. Lokacin kuwa ta riga ta rasa ikon motsi, ba ta da inda za ta koma. Ƙarin juriyar da masu kiwon iri na Amurka suka samu daga baya, wadda suka kira Rk2, daga wani layin wake na cibiyar IITA ta Ibadan ta fito, mai lamba IT84S-2049.

Iri mai juriya shi ne magani mafi araha ga talaka, amma akwai darasi a gonakin waken suya na Amurka. Wata nematod dabam, Heterodera glycines, wadda aka fara gani a can a 1954 a jihar Karolina ta Arewa, tana ja musu asarar sama da dala biliyan ɗaya a shekara. Suka sami juriya daga wani iri da aka kawo daga Sin, PI 88788, suka zuba ta a fiye da kashi 90 cikin 100 na irinsu masu juriya. A 2012 aka gano sirrinta: wasu ƙwayoyin gado ne da iri na gama-gari ke da kwafi ɗaya, shi kuma wannan yana da har goma. Shekara da shekaru ana shuka abu ɗaya, tsutsar ta saba, yau a gonaki da yawa tana hayayyafa a kansa.

Maganin feshi kuwa ba na gaggawar ba da shawararsa. Magungunan nematod na cikin mafi haɗari a duk kayan gona. DBCP an hana shi a Amurka a 1979 bayan an gano ya hana ma'aikatan da ke haɗa shi haihuwa. Kabofuran, wanda manoma suka fi sani da Furadan, Tarayyar Turai ta hana shi a 2008. Mai zuba shi da hannu tsirara a kunyar wake, sannan a ci ganyen a ba dabbobi harawar, yana wasa da rai ne, kuma kuɗinsa ma da wuya waken ya mayar.

Abin da ke hannun manomi shi ne ya hana ta abinci. Gonar da ta nuna ƙullutu a huta mata da tumatir da kuɓewa da gauta da rama, a sa gero ko dawa damina ɗaya ko biyu. Gyaɗa ma na da amfani a nan, domin incognita ba ta hayayyafa a kanta, duk da cewa ita ma tana da nata masu addabar, kamar Meloidogyne arenaria a Amurka da wata nematod da ke sa ta rawaya a kudu maso yammacin Burkina Faso. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai na ƙara yawan ƙananan halittun da ke cin ƙwan tsutsar, haka tunkuzar 'ya'yan darbejiya na rage ta. Huɗar rani da ke juyo ƙasa ga ranar Maris da Afrilu na kashe da yawa. Bayan girbi a tono saiwoyin da suka kumbura a shanya a ƙona, kada a watsa su a magudanar ruwa, domin ƙwan na bin ruwa zuwa gonar maƙwabci. Mai sayen dashen tumatir ya duba saiwarsa kafin ya biya. Tsutsar da ƙafar kanta da wuya ta wuce mita guda a damina, saboda haka garmar shanun da aka aro ko taraktar haya, a kankare ƙasar da ke jikinta a bakin gona kafin ta shiga.